Hywel Dda na Wales: da gaske shi ya kafa dokokin da ake kira da sunansa?

Tambaya: Malam, ina karatun lauya ne. A darasin tarihin shari'a an ambata mana wani sarkin Wales mai suna Hywel Dda, wai tun ƙarni na 10 ya tattara dokokin ƙasarsa, har ya ba mata haƙƙoƙin da matan Ingila ba su samu ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Wane ne shi, kuma yaya gaskiyar maganar take?

Amsa: Malama, an yi Hywel, ya yi sarauta, ya mutu a 949 ko 950. Wannan ba gardama. Sai dai Hywel biyu ne ke yawo a cikin littattafai. Akwai wanda mutanen zamaninsa suka rubuta labarinsa a 'yan layuka kaɗan, mai wayon siyasa da ya san wanda zai durƙusa wa da wanda zai danne. Akwai kuma Hywel mai kafa doka, wanda ba mu fara jin ɗuriyarsa ba sai a kundayen da aka rubuta wajen shekara 300 bayan an binne shi. Na biyun aka koya muku a aji. Bari in fara da na farkon, domin sai kin san shi za ki iya auna na biyun.

Sunansa Hywel ap Cadell. A harshen Wales "ap" na nufin ɗan wane, wato Hywel ɗan Cadell. "Dda" laƙabi ne, ma'anarsa Nagari, kuma "dd" ɗin ana furta shi kamar harafin zal na Larabci. Laƙabin ma daga baya aka maƙala masa. Malaman cocin da suka rubuta mutuwarsa a kundin tarihin shekara-shekara na Wales, wanda ake kira Annales Cambriae, sarkin Biritaniyawa, wato mutanen Wales, kawai suka ce da shi.

A lokacin babu ƙasa ɗaya mai suna Wales a ƙarƙashin sarki ɗaya. Masarautu ne: Gwynedd a arewa, Powys a gabas, Dyfed a kudu maso yamma, Ceredigion a bakin teku, sai Gwent da Glywysing a kudu maso gabas. Kowace na tsakanin wuta biyu. Ta teku mahara 'yan jiragen ruwa da ake kira Vikings, waɗanda suka yi sansani a Dublin, suna sauka su ƙone coci su kwashi bayi. Ta tudu kuma masarautun Ingilishi, Mercia da Wessex. Kakan Hywel, Rhodri Mawr, ya yi suna ne da ya kashe wani madugun Vikings mai suna Gorm a 856, amma Ingilishi ne suka kashe shi a 878. Ki riƙe wannan: gidan su Hywel sun san ɗanɗanon takobin Ingila tun kafin ya yi wayo.

'Ya'yan Rhodri kuwa ba su bar maƙwabta sun sha ruwa ba. Asser, malamin cocin St Davids da ya rubuta tarihin Sarki Alfred na Wessex a 893, ya ce Hyfaidd sarkin Dyfed ya kai caffa ga Alfred ne saboda 'ya'yan Rhodri sun matsa masa lamba. To, ki duba abin da ya biyo baya. Llywarch ɗan Hyfaidd ya mutu wajen 904. Ba a daɗe ba aka fille kan ɗan'uwansa, shi ma Rhodri sunansa, a Arwystli. Gidan sarautar Dyfed ya ƙare ta wajen maza, sai ga Hywel ya auri Elen 'yar Llywarch, sai ga shi sarkin Dyfed. Tsofaffin littattafai kan ce ya gaji ƙasar ta hanyar aure. Ni dai a ganina takobi ya buɗe ƙofa, aure ya shimfiɗa tabarma. Ubansa Cadell ya mutu wajen 910, ya bar musu Seisyllwg, wato Ceredigion da Ystrad Tywi, shi da ɗan'uwansa Clydog. An kashe Clydog a 920, Hywel ya haɗe ƙasashen biyu, abin da aka riƙa kira Deheubarth daga baya.

Inda labarinsa ya fi armashi shi ne zamansa da Ingila, kuma nan ne muke da shaida mafi ƙarfi, domin magatakardan Ingila sun fi na Wales yawan rubutu. A 918, bayan rasuwar Aethelflaed mai mulkin Mercia, ɗan'uwanta Sarki Edward ya karɓe Tamworth, kuma Hywel da Clydog da ɗan baffansu Idwal Foel na Gwynedd suka yi masa mubaya'a. A ranar 12 ga Yuli 927, Athelstan ɗan Edward, wanda ya ci York a shekarar, ya tara sarakunan tsibirin a Eamont kusa da Penrith, Hywel na cikinsu tare da Constantine na Scotland. William na Malmesbury, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 12, ya ce Athelstan ya kira sarakunan Wales zuwa Hereford, ya sa kogin Wye ya zama iyaka, ya ɗora musu harajin shekara na laba 20 na zinariya, laba 300 na azurfa, shanu 25,000, da karnukan farauta da shahuna. Adadin shanun nan ya yi wa ƙasa kamar Wales ta wancan zamani yawa, kuma mai ba da labarin ya zo ne bayan kusan shekara 200, don haka ki ɗauke shi da taka-tsantsan. Amma cewa an biya haraji mai nauyi, wannan ba abin shakka ba ne.

Daga 928 zuwa 935 sunan Hywel na fitowa a jerin shaidun takardun kyautar filaye na Athelstan, a Exeter, Winchester, Nottingham, Cirencester da sauransu. Kalmar Latin da suke sa masa ita ce subregulus, ƙaramin sarki a ƙarƙashin babba. Abin lura, in sarakunan Wales suka taru a fadar, sunansa ake fara rubutawa, kafin Idwal, kafin Morgan na kudu maso gabas. A 934 da Athelstan ya ɗaura yaƙi da Scotland, Hywel na cikin ayarin da ya taru a Winchester ya bi har Nottingham. Ya kuma raɗa wa wani ɗansa suna Edwin, sunan Ingilishi tsantsa. A 928 ya tafi ziyarar ibada Roma, ya dawo ya ci gaba da sarautarsa. Mutum ba ya barin gadon sarauta watanni a irin wannan zamani sai ya tabbata ba wanda zai hau kafin ya dawo, kuma ina zaton inuwar Athelstan na daga cikin abin da ya ba shi wannan kwanciyar hankali.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan ma'anar wannan duka. J. E. Lloyd, wanda littafinsa na tarihin Wales ya fito a 1911, ya ɗauke shi masoyin Wessex mai koyi da Alfred, har a tafiya Roma da tattara doka. A 1976 D. P. Kirby ya ƙalubalanci wannan, ya ce ba ƙauna ba ce, lissafi ne. Ina bayan Kirby. Athelstan ne mafi ƙarfin sarki da tsibirin ya gani zuwa lokacin, kuma wanda ya ƙi zuwa in an kira shi, runduna ce za ta je gaishe shi.

Ba duk mutanen Wales ne suka yarda da wannan siyasa ba. Akwai wata waƙa ta zamanin, Armes Prydein, wadda ta yi kira ga mutanen Wales da Cornwall da Brittany da Strathclyde da Ireland, har da Vikings na Dublin, su haɗa kai su kora Ingilishi zuwa tekun da suka fito. Mawaƙin ya zuba fushinsa a kan masu karɓar harajin babban sarki a Caer Geri, wato Cirencester, garin da Hywel ya zauna a fadar Athelstan a 935. Bai ambaci sunan Hywel ba, amma mai sauraro a kudancin Wales ya san inda aka dosa. Irin wannan ƙawance ya tashi da gaske a 937, sa'ad da Olaf na Dublin da Constantine da sarkin Strathclyde suka gamu da Athelstan a Brunanburh, aka yi musu kaca-kaca. Ba a ambaci sarakunan Wales a kowane ɓangare ba.

Ribar haƙurin ta zo a 942. Athelstan ya rasu a 939, ƙanensa Edmund ya hau. Idwal Foel ya gwada ƙarfi da Ingilishi, suka kashe shi tare da wani ɗan gidansa mai suna Elisedd. Ga Hywel faɗuwa ta zo daidai da zama: ya shiga Gwynedd, ya kori 'ya'yan Idwal, Iago da Ieuaf, waɗanda su ne magada, ya haɗa da Powys. Daga nan har mutuwarsa yana riƙe da mafi yawan Wales, ban da kudu maso gabas inda Morgan ke mulki. Shekara bakwai ko takwas ke nan kacal. Akwai kwabon azurfa guda ɗaya tak da ya rage mai ɗauke da rubutun HOWÆL REX, yana gidan tarihi na British Museum a Landan, kuma maƙerin da ya buga shi, Gillys, a Chester yake aiki, garin Ingilishi. Ko kuɗin da ke ɗauke da sunansa a maƙerar uban gidansa aka ƙera shi. Yana mutuwa 'ya'yan Idwal suka dawo, suka kara da 'ya'yansa a Carno, suka karɓe Gwynedd. Ɗansa Owain ya tsira da Deheubarth har zuwa 988.

Yanzu ga dokokin, waɗanda ake kira Cyfraith Hywel. Gabatarwar kundayen shari'ar ta ce Hywel ya kira mutum shida daga kowace gunduma, da manyan malaman coci, suka taru a Tŷ Gwyn ar Daf, inda garin Whitland yake yau. Suka yi azumin Kirista na kwana 40 a can, suka duba tsofaffin dokoki, suka bar wasu, suka gyara wasu, suka soke wasu. Waɗansu kundayen sun ƙara da cewa ya ɗauki dokokin ya kai wa Fafaroma ya sa albarka. Labari mai daɗi. Matsalarsa, babu wani rubutu na ƙarni na 10 da ya ambaci taron. Kundin da ya rubuta tafiyarsa Roma da mutuwar matarsa Elen bai ce uffan ba. Kundayen shari'ar kimanin 40 ne suka rage, na Latin da na harshen Wales, mafi tsufansu na tsakiyar ƙarni na 13 ne. Sannan lissafin shekaru bai zauna ba: Roma ya je a 928, amma bai sami ikon kiran mutanen arewa taro ba sai bayan 942. Yaya zai kai wa Fafaroma abin da ba a riga an yi ba?

Ke da kike karatun lauya, tambayar da za ki yi ita ce wa labarin ya amfana. A ƙarni na 12 da na 13 Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila, da sarakunan Ingila na cin ƙasar Wales kaɗan-kaɗan, malaman cocin Canterbury kuma na cewa dokar Wales dokar jahilai ce. Masana shari'ar Wales, waɗanda sana'ar gado ce a wasu gidaje, suna buƙatar su ce dokarsu ta sarki ce, sarki Kirista nagari, da yardar Fafaroma. Haka kuma Rhys ap Gruffudd, mai mulkin Deheubarth da ya rasu a 1197, jikan jikokin Hywel ne, kuma shi ne majiɓincin gidan ruhubanawan Whitland. Akwai masanan da ke ganin a zamaninsa labarin taron ya ɗauki siffar da muka sani.

Kada kuma ki zarce ki ce duk ƙirƙira ce. Dokar kanta ta girmi Hywel. A gefen shafin wani tsohon kundin Linjila da ke Lichfield yanzu, wanda ya taɓa zama a Llandeilo, akwai rubutun sulhun rikicin gona tsakanin Tudfwlch da Elgu, kuma an yi shi kafin zamanin Hywel. Wasu ginshiƙan dokar ma iri ɗaya ne da na tsohuwar dokar Ireland: duka biyun suna kiran kuɗin mutunci da kalmar da ke nufin darajar fuska, wynebwerth a Wales, abin da ke nuna tushe ɗaya mai nisa. A sashen dokokin fada kuwa, inda aka jera ma'aikatan sarki 24 da wurin zaman kowa da rabonsa, akwai kalmomin aro daga tsohon Ingilishi. Yarima mai jiran gado edling ne, daga aetheling. Mai kula da abinci da abin sha na fada distain ne, daga discthegn. Wane sarkin Wales ne ya fi kowa zama a fadar Ingila yana kallon yadda ake tsara ta? Wannan ba hujja ce yankakkiya ba, amma ita ce ta sa ban kore yiwuwar cewa an yi wani aikin tattara doka a fadarsa ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a buɗe kundin ƙarni na 13 a nuna layi a ce wannan daga bakin Hywel ya fito.

Abin da ke cikin kundayen ya cancanci karatu ko da wa ya kafa shi. Ruhin dokar biyan diyya ne da sulhu tsakanin dangi, domin babu 'yan sanda, babu kurkukun gwamnati. Diyyar kisa sunanta galanas, kuma da shanu ake ƙidaya ta gwargwadon matsayin mamaci: ɗa na gari shanu 63, babban mutum mai ƙasa 126. Ba mai kisan kaɗai ke biya ba, danginsa ne har zuwa nesa, na wajen uba kashi biyu, na wajen uwa kashi ɗaya, dangin mamaci kuma su raba a kan wannan tsari, sarki ya ɗauki sulusi ladan tilasta biya. In kin karanta babin diyya da aƙila a fiƙihu, tsarin ba zai zame miki baƙo ba, ko da yake babu alaƙar asali tsakaninsu. In kuɗin bai cika ba, mai kisan na iya bin dangi na nesa yana karɓar kwabo ɗaya daga kowane namiji, ana kiransa kwabon mashi. Wanda ya musanta hannu a kisa kuwa rantsuwa zai kawo, shi da mutanen da za su rantse tare da shi, adadinsu kan kai 300 a tuhuma mafi nauyi. Ban da galanas akwai sarhaed, kuɗin cin mutunci. Na sarkin Aberffraw, wato sarkin Gwynedd, ya haɗa da shanu 100 a kan kowace gunduma da yake mulki, da sandar zinariya mai tsawonsa, da faifan zinariya mai faɗin fuskarsa. Ba na jin an taɓa biyan wannan. Masana shari'a ne ke nuna gwaninta.

Komai da farashinsa, har kyanwa: kwabo ɗaya daga haihuwa zuwa buɗe ido, biyu har ta kama ɓera, huɗu bayan nan. Wanda ya kashe kyanwar da ke gadin rumbun sarki, za a riƙe ta ta wutsiya kanta na taɓa ƙasa, ya yi ta zuba alkama har ta rufe ƙarshen wutsiyar. Sata a ɓoye na iya kai mutum ga rataya, amma wanda yunwa ta kora, ya yi kwana uku yana bara gida-gida ba a ba shi ba, sannan ya saci abin ci, ba a rataye shi.

Batun mata, wanda shi ne rabin tambayarki, gaskiya ne da saura. Aure a wannan doka yarjejeniya ce tsakanin dangi, ana iya warware ta. Washegarin daren farko miji na ba amarya kyauta mai suna cowyll, tata ce har abada. In aka rabu kafin shekara bakwai, tana tafiya da wani kaso da aka ƙayyade gwargwadon darajar gidansu, agweddi. In an cika bakwai, dukiyar gida biyu ake raba ta. Kundayen sun bi kayan ɗaya bayan ɗaya: aladu na miji, tumaki na mata, dutsen niƙa na sama nasa, na ƙasa nata, wanda ke nufin ba mai iya niƙa a cikinsu sai ya nemo rabin. Mace na iya barin miji ba ta rasa haƙƙinta ba in kuturu ne, ko mai warin baki, ko ya kasa kwanciyar aure. In aka gwada da dokar Ingila ta baya, wadda ta mai da dukiyar matar aure ta mijinta har zuwa gyare-gyaren 1870 da 1882, lallai akwai abin yabo.

Ga sauran. Wannan dokar dai ta yarda miji ya doki matarsa a kan abu uku: in ta ba da abin da ba ta da ikon bayarwa, in ya same ta da wani, in ta zagi gemunsa. Diyyar mace rabin ta ɗan'uwanta namiji ce. A kundayen arewacin Wales mace ba ta gadon ƙasa. Duk budurwar da ta san namiji, da aure ko ba aure, sai an biya ubangidan ƙasa kuɗi mai suna amobr. Bawa kuma ba shi da galanas, farashi gare shi kamar dabba. Masu tallar "dokar Hywel mai tausayi" sukan tsallake waɗannan shafuka.

Abin da ya fi ɓata wa coci rai shi ne gado. Ƙasa ana raba ta daidai tsakanin 'ya'ya maza, ƙarami ya yanka rabo kuma shi ke zama a gidan uba, sannan ɗan da aka haifa ba ta aure ba, muddin uba ya karɓe shi, rabonsa ɗaya da na sauran. Kundin arewa ya faɗa ƙarara cewa dokar coci ta ce wani abu, dokar Hywel ta ce wani, domin laifin uba bai kamata ya hau kan ɗa ba. A 1282, ana tsakiyar yaƙin da ya kawo ƙarshen 'yancin Wales, babban bishop na Canterbury, John Pecham, ya rubuta wa Llywelyn ap Gruffudd, mai mulkin Gwynedd a lokacin, yana sukar dokokin, har ya danganta su da Shaiɗan. An kashe Llywelyn a Disambar shekarar. A 1284 dokar Rhuddlan ta Sarki Edward na Ɗaya ta sa hukuncin manyan laifuka ya koma irin na Ingila a ƙasashen da ya ci, ta hana ɗan da ba na aure ba gado, ta bar rabon ƙasa tsakanin 'ya'ya maza. Dokokin 1536 da 1543 na zamanin Henry na Takwas suka share abin da ya rage.

In za ki rubuta wannan a jarrabawa, ki ce dokokin da ake jingina wa Hywel, ki kawo shekarun kundayen. In kuma kina son ganin ɗaya da idonki, ɗakin karatu na ƙasa da ke Aberystwyth ya sa hotunan kundin Peniarth 28 a intanet. Na Latin ne, na tsakiyar ƙarni na 13, da zanen sarki a kan kujera, da alƙali riƙe da littafi, da mai shaho, da dabbobin da aka yi wa farashi. Kundin ya taɓa zama a Canterbury, kuma ana kyautata zaton shi Pecham ya karanta kafin ya ɗauki alƙalami.